Yatsun Maginiyar Tukwane

An yi wata dattijuwa maginiyar tukwane, irin matan nan da aka raina a kan cewa raki abin kunya ne. Ciwon daji ya kama ta a mama, aka ɗora ta a kan maganin da ake ƙara wa mutum ta jijiya a asibitin birni. Duk zuwan da za ta yi, in likita ya tambaye ta jiki, sai ta ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Shi kuwa likita ba gaibu ya sani ba, ya ji da sauƙi sai ya bar magani yadda yake. Alhali yatsunta sun fara mutuwa. In ta cuɗa yumɓu ba ta jin laushinsa, in ta shafa bakin tukunya ba ta sanin ya yi kauri ko bai yi ba, tukwane suka riƙa fitowa a karkace, wasu su fashe a wuta. In tana tafiya kuma kamar auduga take takawa. A ranta ta riga ta yanke cewa ciwon ne ya bazu, hannun da take ci da shi tun tana budurwa ya tafi ke nan. Tsoro ya cika ta, amma ta yi gum, don a ganinta faɗin ma butulci ne ga Allah.

Ran nan likita ya lura tana ta kokawa da bakin mayafinta, ta kasa kwance ƙullin goron da ke jiki. Ya san halin mutanenmu sarai, ko a ranga-ranga aka kawo mutum, da sauƙi zai ce. Sai ya bar zancen jiki, ya shiga tambayarta abin da ba a amsa shi da gaisuwa: ko tana ɗaura zane da kanta, ko tana ɗaga buta cike da ruwa, a tsaye take salla ko a zaune, in ta fita ina take kaiwa kafin ta nemi wurin zama. Ta amsa ɗaya, ta amsa biyu, ta ga ba wurin ɓuya. Ta shimfiɗa hannuwa a cinya ta ce, "Likita, gaskiya yatsun nan ba nawa ba ne yanzu." Ya gwada su, ya ce mata ai ba ciwon ba ne, ciwon ma ja da baya yake yi, ƙarfin maganin ne ya taɓa jijiyoyi, kuma da ta ƙara yin shiru, da mutuwar yatsun ta zauna mata har abada. Baiwar Allah ta sauke ajiyar zuciya, har da ƙwalla, ashe wata da watanni makokin banza take yi. Aka rage magani, aka gyara shi daidai jikinta. Sannu a hankali ji ya fara dawowa, ko da yake ba duka ba. Bayan kaka tana cuɗa yumɓun tulu, wata 'yar tsakuwa ta soke ta a ɗan yatsa. Ta ji zafin sosai, ta zauna tana dariya ita kaɗai a tsakar gida.

Dauriya hali ne mai kyau, amma ba a gaban mai magani ba. Hausawa sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.