Dafi a Jinin Sahabi

Hajara ta diro a Gusau daga motar Bungudu da takalmi ƙafa ɗaya, ba ta ko tsaya neman ɗayan ba. Shekarar wahalar fetur ce, sai da ta haɗa direba da Allah kafin ya cusa ta kan buhunan gero.

Mijinta Sahabi na kwance, hawan jini ya kayar da shi. Watannin baya wata likita mai bincike ta zo Gusau tana ɗibar jinin masu ciwon, har da nasa. Ta hana shi gishiri, ta yi wa jama'a bayani cewa jikin mutum na yin wani sinadari mai daidaita gishiri, kamarsu ɗaya da na kwankwani, itacen da maharba ke dafin kibiya da shi.

Da labari ya zo cewa an ga abin da yawa a jinin Sahabi, danginsa suka yi watsi da sauran bayanin. Ai Yari, uban Hajara, maharbi ne a Tsafe. Shi ke nan, magana ta ƙare, gobe za su kai shi gaban alƙali.

Abin ya ƙona wa Hajara rai. Mutanen da ko ruwa ba su taɓa miƙa wa majinyacin ba, su ne da bakin magana. Ita ke ɗora masa tukunyarsa daban. Tsohon da suke zargi kuwa, duk ranar kasuwa sai ya aiko da gaisuwa da ɗan abin taimako.

Ta iske likitar tana haɗa kayanta. Ta zube ƙasa.

"Likita, zo ki gaya musu. Ke kinka ce jiki ka yin abinga da kainai. Babana za su ɗamre."

Likitar ta ɗaga ta, ta rufe ƙofa.

"Jiki na yi, Hajara, amma ɗan mitsitsi. Yawan da na gani, ba jiki ya yi shi ba. Ci yake yi. Me kike sa masa a miya madadin gishiri?"

Sai a lokacin Hajara ta tuna da ƙullin da tsohon ke aiko mata duk ranar kasuwa. Garin ƙarfafa zuciya ne, wanda babanta ya rantse shi ya riƙe kakanta har tsufa, kuma yau da safe, don ta ga jikin ya tsananta, ninka masa ta yi.