Gorunan da Gwaggo ta liƙe da ƙaro

Mu mutanen ƙasar Gumel ruwan rijiya muka sani, ba na iyo ba. Daminar da tafkin bayan gari ya ci yayana, ina 'yar shekara bakwai ko takwas, sai Gwaggo, ƙanwar babanmu da ta taɓa aure a bakin kogin Haɗeja, ta ja ni can da la'asar. Ta ɗaura mini goruna biyu a hammata da igiyar kaba. Har yau ina jin tsamin nonon da suke yi. Ta toshe bakinsu da tsumma, ta liƙe da ƙaro.

"Shiga, 'yar nan," in ji ta. "Gora aro ne, ƙafa ce taki."

Ban gane ba. Na shiga ina kuka, gorunan suka ɗaga ni, na yi ta dukan ruwa har kukan ya koma dariya. Da na kai ƙetare na miƙe, sai na ji nauyi yana jan kafaɗuna. Ashe ƙaron ya narke, sun cika taf da ruwa.

"Gwaggo, yaushe suka cika?"

Ta zagayo a guje, ta zauna daɓas cikin taɓo, hannunta na rawa.

Matar da ta zauna bakin kogi ba za ta kasa sanin ƙaro na narkewa ba. To, in da gangan ta yi, rawar hannun ta mece ce? Yanzu jikokina na roƙona in ɗaura musu gora, ni kuwa har yau ban san da me zan liƙe bakin ba.