Takabar Kerkeci

Tun da kerketan wasan waya suka fara fitowa fili, suna bin masu su kamar inuwa mai haske, aka kafa doka a garin: mai takaba ba ita kaɗai za ta ajiye ado ba, har kerkecinta.

Kwana tara da rasuwar Mamuda, yayarsa Tabawa ta faɗo wa matarsa Lantana, ko sallama babu.

"Ke ko kunya ba kya ji? Ƙanena bai gama kwanciya a kabari ba, dabbarki na yawo da sarƙar zinariya!"

Lantana ta dubi kerkecinta da ke kwance gindin randa. Ta riga ta cire masa warwaro goma sha biyu da ta shekara shida tana tarawa, ta goge lallen ƙafafunsa. Sarƙar kaɗai ta rage, kyautar Mamuda. In aka taɓa ta, muryarsa ce ke fitowa tana cewa, "Na dawo."

"Yaya, in na cire, wurin danginsa za ta koma. Ba zan ƙara jinsa ba."

"Cire, ko in kira mai unguwa a kashe dabbar ɗungurungum."

Lantana ta miƙa hannu za ta cire, sai idonta ya kai bayan Tabawa. Kerkecin Yaya na tsaye bakin zaure, ya sha ado har wutsiya, amma wuyansa fayau. An riga an kwashe komai daga wuyan, an bar wa sarƙar Mamuda wuri.

Ta janye hannunta.

"Kira shi," in ji ta. "Gara kerkecina ya mutu da ita."