Farfesan Zuciya

An ce duk likitan da zai yi rubutu kan ciwon zuciya, ko a Turai yake, sai ya ambaci binciken Farfesa. A unguwarsu ta Wunti kuwa cewa ake ya daina taka gidan yayarsa tun ranar da ta kira shi Ɓarawon Ƙosai a gaban ɗalibansa.

Yau ga ta an kawo asibiti tana haki. Ko gaisuwa babu, ya ɗora mata abin sauraron ƙirji. Ta fizgo bakin abin, ta ɗaga murya a ciki:

"Malam masanin zuciya, wannan zuciya taka wa zai duba ta?"

Kunnuwansa suka yi dum. Ɗalibai suna ta danne dariya.

"Yaya," in ji shi, "ki yafe mini."