Sharar Gaggawa

Tun hantsi Naziru yake bin gidajen tungar da ke bayan Giwa Tazo, na'ura rataye a wuyansa, mai unguwa da 'yan sa-kai uku a bayansa. Sau huɗu ana tare motar albasa a hanyar Aliero, kuma ko yaushe ɓarayin sun san ranar tashinta. Kowa ya yarda akwai mai ba su labari da oba-oba, rediyon kira na hannu, daga cikin tungar. Shi ya sa aka ɗauko Naziru daga Jega, don aikinsa ke nan, auna na'urorin rediyo. Wanda aka kama, 'yan sa-kai sun ce ba zai ga ofishin 'yan sanda ba.

Gida goma sha ɗaya ne, na Gudiya ne na ƙarshe. Mijinta ya rasu, ɗiyarta Bushira kuma wata biyu ke nan tana Jega wajen gwaggonta, in ji ta.

Gudiya ba ta zauna ba. A gida na biyu ta kawo wa baƙon fura, ta tsaya daga nesa cikin hijabinta mai kauri, ta tambaye shi yadda abin yake aiki. Ya ce kamar shara ne. Na'urar tana bin tashoshi daga ƙasa zuwa sama. In ya sa ta gaggawa, kafin a ƙifta ido ta gama, amma tasha mai ƙarfi kaɗai take ji. In ya sa ta a hankali, sai ta ci kusan awa guda a gida ɗaya, amma oba-oba in dai a kunne take, ko ba a magana, akwai ɗan numfashin da take fitarwa, kuma za ta ji shi.

Ta ce Allah ya tona asirin azzalumai. 'Yan sa-kai suka amsa da amin.

Da azahar ta kawo tuwo, ta rantse sai ya ci. Bayan gida na bakwai ta aiko da shayi, ya tsaya ya sha don kunya. Ba a samu kome ba. Fuskokin 'yan sa-kai suka fara sauyawa, gidaje suna ƙarewa.

Rana ta yi ja sa'ad da suka iso ƙofarta. Ta dubi sama, ta dubi babur ɗinsa.

"Ɗana, hanyar ga ba ta da kyau in magariba ta yi. Kana da uwa. Ka yi abin da za ka yi ka tahi."

Naziru ya duba agogo. Mai unguwa ya ce ai gidan Inna Gudiya ne, mace ɗaya da awaki biyu. Naziru ya danna maɓallin gaggawa. Layi ya wulga a gilashin na'urar, shiru. Ya yi mata godiyar abinci, ya ce gobe da safe zai dawo ya sake bin gidan a hankali, don cika aiki.

Ta tsaya har ƙarar babur ɗin ta ɓace. Sannan ta shiga rumfar albasa, ta ɗaga hijabin, ta kwance oba-obar da ta yini ɗaure a cikinta a kunne, don ɓarayin sun ce ranar da aka kira ba ta amsa ba, ta haƙura da ɗiya.

"Ya kama hanyar Jega, shi kaɗai, da na'urar," ta ce. "Yanzu ku ba ni Bushira in ji muryarta."