Ɗan Ayu da Hammatar Tsoho

Kai da ka dawo daga karatu kana cewa tsofaffin garin nan ba su da sauran abin koya maka, gyara zama in ba ka misali.

Wata shekara kogi ya janye da wuri, ya bar wani ɗan ayu a kududdufi bayan gari, uwar kuwa ta bi ruwa ta tafi. Ayu dai ka san shi, dabbar ruwan nan mai kama da buhun hatsi, ba ƙaho ba faɗa, ciyawa kawai yake ci, amma jaririnsa nono yake sha kamar ɗan mutum. Mata masu wanki ne suka tsince shi cikin taɓo, rana ta tsattsage masa baya. Kafin a ce kwabo gari ya taru, kowa da abin da ke ransa, don ba abin da ba a cewa man ayu yana yi. Allah ya sa mai gari ya riga wuƙa isowa, ya aika aka kira likitar dabbobi daga birni. Matashiya ce, amma wallahi ta san aikinta. Ta sa aka haƙa rami, aka shimfiɗa tamfol aka cika shi da ruwan kogi, aka kafa rumfa, aka zagaye wurin da igiya. Ta wanke raunukan, ta yi masa allura, ta dama madara ta musamman ta zuba a fida, robar nan ta shayar da jarirai. To, nan fa gizo ke saƙar. Ta tallafo kansa bisa cinyarta ta kai masa baki, ya kauce. Ta lallaɓa, ya kauce. Kwana uku ana haka, igiyar awon da take zagaya cikinsa da ita kullum raguwa take yi, har ta ce in jibi ta yi bai sha ba, sai dai haƙuri.

Duk wannan a kan idon wani tsohon masunci ake yi. A zamanin ƙarfinsa ba wanda ya kai shi kashe ayu a gaɓar nan kaf. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya dusashe, aikinsa ɗinkin taru a gindin bishiya, ko jikokinsa ba sa tambayarsa hanyar ruwa. Sau biyu yana matsowa kusa da igiya matasan da ke gadi suna kore shi, suna dariya suna cewa kura za a ba ajiyar nama? Maganar ta yi masa zafi, kuma abin da ya fi zafin shi ne gaskiya suka faɗa. Amma duk sanda likita ta ɗago kan ɗan ayun nan sama, sai ya ji kamar ya yi ihu, don ya san abin da ba su sani ba, kuma wajen fiɗa ya san shi. Nonon uwar ayu ba a ƙirji yake ba, a hammata yake, can ƙarƙashin hannun da take iyo da shi. Sau nawa madarar ta zubo masa a hannu yana riƙe da wuƙa, bai taɓa tambayar kansa ina ɗan yake ba! Da hantsin rana ta huɗu ya kasa daurewa, ya ɗaga murya daga bayan igiya ya ce, “'Yata, ba ta gaba yake sha ba.”

Da wata ce da ta yi kunnen uwar shegu. Ita kuwa ta juyo ta dube shi, ta ɗaga masa igiya da hannunta. Tsoho ya tuɓe riga, ya shiga ruwan har ƙirji, ya cusa fida a hammatarsa, bakin robar na leƙowa ta baya, sannan ya tsaya ƙyam. Bai kama ɗan ayun ba, bai kira shi ba. Mutane suka fara tsokana, wai tsoho ya samu ƙaruwa, yaushe ne suna? Sanyi ya shiga ƙashinsa, yana ta addu'a a zuci kada gwiwar nan ta ba shi kunya. Ɗan ayu ya taso ya shaƙi iska, ya nutse, ya sake tasowa. Can sai tsoho ya ji leɓe mai gashi yana laluben haƙarƙarinsa, yana hawa sannu sannu, har ya kai hammata ya kama. Likita na kallon madara tana sauka a cikin roba, ta dafe baki da hannu biyu. Daga baya ita da kanta ta ce ta taɓa karanta inda nonon yake a littafi, amma bai taɓa zuwa mata ta mai da hammatarta uwa ba. Tsoho kuwa hawaye ne ke bin gemunsa, bai ko share ba, don hannun na aiki.

Haka suka raba aikin, ita damun madara da allura da awo, shi shayarwa, har ɗan ayu ya isa cin ciyawa, tsoho ya riƙa nuna wa matasan da suka kore shi irin wadda za su yanko a fadama. Da kogi ya cika a damina ta biyu, sai da ƙarti takwas suka ɗauki ɗan ayun da tamfol zuwa gaɓa, suna nishi. Ya shiga ruwa, ya taso sau ɗaya ya yi numfashi, ya bi zurfi. Tun daga ranar ba a ƙara kiran tsohon nan kura ba, Uwar Ayu ake ce masa, kuma yana amsawa da fara'a.

To ka ji. Maganin likita ne ya warkar da bayan ɗan ayu, amma da ta bar igiyar nan a ɗaure, da gawa ta warkar. Shi ya sa Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani.