Batirin Babur a Zangon Masunta

Matso kusa, Nomau, ka daina yi mini wannan fuskar shanu. Wai ka gaji da ajin yaƙi da jahilci don layi ɗaya kacal kake kamawa a rana, ko? To, buɗe kunnenka. Wannan misalin duk sa'ad da zan ba da shi sai in ji jikina yana tsuma, don ina ƙaunarsa ƙwarai.

Wasu masunta biyu ne a wani ƙauye na bakin tafki. Duk shekara in ruwa ya fara ja da baya, mazan ƙauyen sukan kwashi komatsansu su yi zango a wani tsibiri mai nisa, suna jiran giwan ruwa ya taru a gurbi. Shi kuwa kifin bana nan, baɗi can, sai mai na'urar nan da ke nuna abin da ke ƙarƙashin ruwa yake saurin gano shi. Na'urar ba ta aiki sai da batir, tsibirin kuma ko turken lantarki babu. Na farkon cikin masuntan biyu ya sa aka ciro masa batirin babbar mota, aka cika shi taf a gari, sai da ƙarti biyu suka yi nishi kafin su ɗora shi a jirgi. Na biyun, bawan Allah, shekara biyu ke nan yana dawowa hannu Rabbana. Har ya gaya wa iyalinsa cewa in bana ma haka ta kasance, zai sayar da kwalekwalen da ya gada wurin mahaifinsa ya tafi birni dako. Abin da ya iya haɗawa shi ne tsohuwar na'ura ta hannu, da batirin babur, da wani ɗan farantin sola da bai fi faifai faɗi ba. Ranar tashi mutane suka yi ta dariya har da riƙe ciki, wani ya ce ko tocila wannan abu ba zai riƙe ba.

To, ka san al'adar zango, abin da ke hannun ɗaya na kowa ne, ba a hana maƙwabci. Sai rumfar mai babban batir ta koma dandali. Wannan ya kawo waya caji, wancan ya jona rediyo, har fanka aka kafa, shi kuwa gogan yana ta hura hanci, in an gode masa ya ce ai teku ba ta san an ɗiba ba. Na'urarsa ma barinta yake a kunne wuni sur, ko yana gyangyaɗi. Kullum fita ake, babu abin da ke shiga. Shi kuwa ɗayan, wa zai kai waya wurin batirin babur? Aka bar shi da abinsa. Da gari ya waye sai ya jiƙa tsumma ya goge kashin tsuntsu da ɓawon kifi daga kan farantin, ya fuskantar da shi gabas. In ya yi alwalar azahar ya kwantar da shi, in ya sallame la'asar ya juya shi yamma. Bai taɓa shanya taru a kansa ba. In ya fita ruwa, ya kunna na'urar ya duba, ya kashe, ya yi gaba. Wutar da ke shiga ba ta taka kara ta karya ba, amma wallahi babu ranar da ba ta shiga.

An zaci kifin zai zo a kwana huɗu, sai ya yi nawa. Kwana shida, bakwai, garin tuwo ya fara ƙarewa a buhu, mutumin namu ya fara shafa gefen kwalekwalensa kamar mai ban kwana. Ranar tara da hantsi aka ga tsuntsaye na shawagi can tsakiyar tafki, jirage suka yi ɗango a bayan mai babban batir. Ya kunna na'ura, ta yi haske ɗan ƙyas, ta mutu murus. Ya girgiza wayar wutar, ya bubbuga batir, ya yi ta zufa, ina! Ruwa ga shi nan shimfiɗe, ba wanda ya san inda zai zuba taru. Sai mutumin namu ya danna tasa, ta kama tar. Ya tuƙa kudu, babu. Ya karkata wajen wani tsohon kututture, sai ga fuskar na'urar ta cika da kifi maƙil, babu masaka tsinke. Ka san me ya yi? Nan ne nake son sa. Bai yi shiru ya ci shi kaɗai ba, miƙewa ya yi tsaye cikin kwalekwale yana kaɗa hula yana kira: “Ku taho, ga su nan!” Kai, Nomau, ranar an ga kifi. Giwan ruwa wani ya kai tsawon mutum, sai an taru ake ɗaga shi. Kwana uku wutar banda ba ta mutu ba a tsibirin. Da aka tashi komawa, babban batirin nan aka jingina don kada jirgi ya karkata, iyakar amfaninsa ke nan. Kwalekwalen gado kuwa ya koma gida da kifi har baki, yana nan ɗaure a mashigin ƙauyen, ba a sayar ba.

Saboda haka gobe ka ɗauki littafinka ka koma aji, ka kamo mini layinka ɗaya, jibi ma haka. Ai Hausawa sun gama magana: da yayyafi kogi kan cika.